Yadda nake auna maganin wanke maiƙo da sabulun da ke kore shi a ruwan rijiya da na'urar HPLC

Bara waccan, tsakiyar bazara, Gwaggona ta aiko jikanta ya kira ni. Na same ta zaune bakin rijiyar gidanta da guga cike a gabanta. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ta ce, "Kai da ka yi karatun ruwa, sa hancinka nan ka gaya mini abin da ka ji." Na duƙa. Warin fetur ne, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi irin na shagon masu wanke kwat ba da ruwa ba. Bayan katangarta garaji ne. Ya fi shekara goma sha biyar ana kwance injin mota a wurin, ana wanke ƙarafa da fetur da maganin feshin birki, abin da ya rage a sheƙar a ƙasa. Na ce, "Gwaggo, daga yau kada a sha, kada a yi girki da shi, sai na auna."

Na ɗebi ruwan a robar lemo, rabinta ma, na ɗaure a bayan babur, na bar ta a ɗakin gwaji har washegari. Da na sa a na'urar HPLC, wadda ke tura ruwa ta cikin bututu ta rarraba sinadaran da ke ciki, ta zana wa kowanne tudu a kan layi, sai layin ya tafi shafal kamar ruwan sama aka ba ta. Hancin Gwaggo ya ji abin da na'ura ba ta gani ba, kuma laifin na robata ne: abin da nake nema ya tsere cikin iskar da ke saman ruwan, wani ya shige jikin robar, zafin Damagaram ya ƙarasa sauran. Da a ce na yarda da wannan sakamako na koma na ce mata ta ci gaba da sha, da na ɗauki alhakin gida guda. Shi ya sa nake rubuta wannan domin ɗalibai da ma'aikatan ɗakin gwaji da za su gamu da irin aikin nan.

Abin da ake nema a cikin ruwan

Magungunan nan kashi biyu ne. Akwai ƴan gidan fetur, wato benzin da toluwin da zailin. Sun fi ruwa sauƙi, suna kwanciya a samansa kamar man gyaɗa a kan romo. Akwai kuma masu sinadarin kulorin, manyansu biyu, PCE da TCE. PCE shi ne na masu wankin kaya ba da ruwa ba, ana kuma samunsa a wasu gwangwanayen feshin birki. TCE na wanke maiƙon ƙarfe ne. Waɗannan sun fi ruwa nauyi: lita ɗaya ta PCE kilo 1.62 ce, ta TCE kilo 1.46. In sun zube ba sa tsayawa a saman ruwa, nutsewa suke yi har sai sun tarar da laka ko dutse, su kwanta.

Mu nan Damagaram, wato Zinder, a kan dutsen giranit muke zaune, duk wanda ya ga duwatsun unguwar Birni ya sani. Ɗan ruwan da rijiyoyin cikin gari ke samu yana cikin ruɓaɓɓen dutse ne da tsagoginsa, shi ya sa tun da daɗewa ruwan famfo daga waje ake jawo mana shi, daga Gogo-Machaya da Arunguza da Ganaram. Maganin da ya fi ruwa nauyi in ya sami tsaga, ya sami gida.

PCE ba ya narkewa sosai, miligiram 150 zuwa 200 ne kawai a lita. Wannan ƙanƙantar ita ce masifar, domin ɗan abin da ya kwanta zai yi shekaru yana tsattsafa guba kaɗan-kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2022, ta sa iyakar PCE a ruwan sha miligiram 0.1 a lita, TCE 0.008, benzin 0.01, toluwin 0.7. Yi lissafi da kanka: lita ɗaya ta PCE ta isa ta kai lita miliyan 16 da ɗoriya wannan iyaka, wato jarka mai lita 25 guda dubu 648. Benzin da TCE kuwa an tabbatar suna jawo ciwon daji.

In ka ce za ka yi ta zuƙe ruwan da injin har ya tsarkaka, jikokinka ne za su kashe injin. Sai masana suka koma ga dabarar da kowace mace ta sani a wurin wanke-wanke: kwanon miyar da ya sha mai ba ya fita da ruwa zalla, sai da sabulu. Ƙwayar sinadarin sabulu, wanda a ɗakin gwaji muke kira safaktan, tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son mai. In sun yi yawa a ruwa har suka wuce wani mizani, sai su dunƙule, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje, su rungume maganin a tsakiya su tafi da shi. Wannan dunƙule shi ake kira misel. Tween 80 da SDS safaktan ne guda biyu da ake aiki da su: na Tween 80 yana fara haɗuwa tun daga wajen miligiram 13 a lita, na SDS sai an haura giram 2. Ruwan da ke da kashi 4 cikin ɗari na Tween 80 yana iya ɗaukar PCE fiye da miligiram 20,000 a lita, ninki ɗari da wani abu na abin da ruwa zalla ke ɗauka.

An gwada wannan a fili a Amurka. A 1996 an yi a sansanin sojan sama na Hill a jihar Yuta, inda TCE ya zube. A 2000 an yi a garin Oskoda na jihar Mishigan, ƙarƙashin wani tsohon shagon wankin kaya, da Tween 80 kashi 6 cikin ɗari, aka fitar da kimanin lita 19 ta PCE. Ana tura ruwan sabulu ta rijiya ɗaya, ana zuƙe shi ta wata. Mai awo kuwa dole ya bi sawun abu biyu a kowace kwalba: maganin nawa ya fito, sabulun nawa ya dawo. In ka tura kilo ɗari na sabulu ka karɓi sittin, arba'in ɗin nan suna wani wuri, watakila da guba a goye, watakila sun nufi rijiyar maƙwabci.

Ni a nan ban taɓa tura sabulu cikin ƙasa ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya yi haka a tsagogin dutsenmu ba tare da rijiyoyin zuƙa da suka kewaye wurin ba. Sabulu yana sassauta riƙon da yashi ya yi wa maganin, ya sa ya ƙara gangarawa ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Abin da nake yi shi ne gwajin tebur: in cika bututun gilashi da yashin wurin, in ɗiga masa magani gwargwadon da na sani, in bi shi da ruwan sabulu, in tari abin da ke fita. Awon iri ɗaya ne da na fili.

Me ya sa HPLC? A al'ada, magunguna masu tashi a iska da na'urar GC, mai rarraba sinadarai a siffar tururi, ake auna su, a busa iska cikin ruwan ko a ɗebi tururin da ke samansa. Amma busa iska cikin ruwan sabulu ka ga ikon Allah: kumfa za ta haye bututu ta ɓata na'ura. Misel kuma yana riƙe maganin ya hana shi tashi, sai lamba ta fito ƙasa da gaskiya. HPLC ruwa take ci kai tsaye, sannan allura guda, wato tura mata samfur sau ɗaya, tana iya ba ka maganin da sabulun gaba ɗaya.

Ɗibar ruwa

A nan aka fi yin asara, don haka a nan zan daɗe. Kwalbar gilashi ce mai mililita 40, murfinta da fatar Teflon a ciki. Roba ba ta shiga wannan aiki. Kafin ka fita ka ɗiga ruwan asid na HCl, ɗigo biyu zuwa uku, a kwalaben da za a auna magani a cikinsu, domin ya sauko da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ƙasa da 2 ya hana ƙwayoyin cuta cinye toluwin da benzin. Kwalaben sabulu daban ne, ba a sa musu asid, domin asid yana tsinka Tween 80 da SDS a hankali. In kana son allura guda ta ba ka duka biyun, ɗebi kwalba marar asid ka auna ta cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ka fita da asuba. A watan Afrilu da Mayu, kafin azahar zafi ya wuce digiri 40, benzin kuwa a digiri 80 yake tafasa, TCE a 87. Kada ka jefa guga ta faɗa tim, ka zura a hankali, ko ka yi amfani da bututun ɗiba mai ƙwallo a gindi. In rijiyar burtsatse ce, bar ta ta zuba har ruwan da ya kwana a bututu ya fita, sannan ka rage ƙarfinta ya zama siririn zare. Karkata kwalbar, ruwan ya bi jikinta ba tare da kumfa ba. Cika ta har ruwan ya yi tozo a baki, ka ɗora murfi ka ɗaure. Sai ka kifa ta, ka ƙwanƙwasa a tafin hannu, ka ɗaga ta sama ka duba. In ka ga ƙwayar iska ko da kamar ƙwayar gero ce tana hawa, ajiye ta ka ɗauki sabuwar kwalba. Ba a buɗewa a ƙara.

Ruwan sabulu ya fi wuyar cikawa saboda kumfa. Ni sirinjin gilashi babba nake amfani da shi, in sa bakinsa a gindin kwalba in tura a hankali, ruwan ya taso daga ƙasa.

Kowane wuri kwalba biyu aƙalla. Daga hannunka sai cikin kular ƙanƙara, a naɗe da tsumma don kada gilashi ya fashe a kan babur. Ka tafi da kwalba ɗaya da ka cika da tsarkakakken ruwa tun daga ɗakin gwaji, ta yi tafiyar tare da sauran, ba a buɗe ta. Ita ce shaidarka. Na taɓa ganin toluwin a cikin irin wannan kwalba, da na bi diddigi sai na tarar a hanya an tsaya sayen fetur na kwalba, an ajiye jarkar kusa da kular. Da babu shaidar, da na ɗora wa rijiya laifin da ba nata ba. A firji, digiri 4, mai asid tana kai kwana 14. In wuta ta ɗauke, mayar da su cikin ƙanƙara nan take, ka rubuta awa nawa suka yi.

Fasa dunƙulen kafin allura

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ɗalibai suka fi raina wa. Ba a zuba samfur daga kwalba zuwa kwalba, ba a kuma tace shi da matatar sirinji a buɗe, domin maganin zai tashi, wani kuma ya maƙale a matatar. Ga yadda nake yi. Ina ɗaukar ƙaramar kwalbar na'ura mai mililita 2, in zuba mata metanol, wani irin barasa na ɗakin gwaji, mai sanyi mililita 0.75, in rufe. Sai in huda murfin babbar kwalba da sirinji marar yoyon iska, in ja mililita 0.75, in huda ƙaramar, in tabbata bakin allurar ya nutse cikin metanol kafin in tura. In juya ta sau uku. Za ka ji ta ɗan yi ɗumi a yatsa, ka ga ƴan ƙananan kumfa suna tashi. Haka metanol yake in ya gamu da ruwa.

Metanol aiki biyu yake yi. Yana wargaza misel, ya saki maganin da ke goye, ta yadda abin da zai shiga na'ura maganin ne tsirara, sabulun ma tsirara. Yana kuma riƙe maganin ya rage masa son tashi. In ka tura ruwan sabulu mai kauri kai tsaye, za ka ga tudun PCE ya baje ko ya rabe biyu, lokacin fitowarsa yana matsawa daga allura zuwa allura, saboda sabulun ya fara shafe cikin bututun yana canza masa hali.

Samfurin da ya fito daga tsakiyar wanki rabi da rabi bai ishe shi ba. A ce yana ɗauke da miligiram 20,000 a lita. Sai ka ɗauki maikurolita 100 ka nutsar a kwalbar awo mai mililita 10 da ke da metanol kashi 60 da ruwa kashi 40, ka cika zuwa layi. Ya zama ɗaya cikin ɗari, wato 200, daidai bakin abin da na'ura ke karantawa lafiya. Rubuta ninkin a jikin kwalbar da hannunka a lokacin. Mantuwar ninki ɗaya tana mayar da dubu ashirin ta zama ɗari biyu a rahoto.

In ruwan ya yi gurɓin laka, ko gishirinsa ya fito fari bayan ya gamu da metanol, juya shi a injin juyi cikin kwalba a rufe, ka ja na sama. In kuma SDS kake aiki da shi, kada ka firgita in ka fito da kwalba daga firji ka ga farin gari a gindi. Sanyi ne ya kwantar da shi. Bar ta a rufe ta dawo zafin ɗaki har ya narke, sannan ka ɗiba.

Na'urar kanta

Asalin dabarar tsohuwa ce. Wani masanin tsirrai na Rasha, Mikhail Tswet, shi ya fara ta a farkon ƙarni na 20, ya zuba ruwan ganye ta cikin bututu mai cike da garin alli, launuka suka rarrabu. Yadda nake kwatanta wa ɗalibai: mutum biyar sun shiga Kasuwar Dole ta ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya. Baƙon da bai san kowa ba zai riga kowa fita. Ɗan gari mai jama'a kuwa sai ya tsaya gaisawa a kowace rumfa. Bututun C18 cike yake da ƙananan ƙwayoyi masu rufin maiƙo, don haka mai son mai shi ne mai yawan gaisuwa.

Nawa bututun tsawonsa milimita 150 ne, faɗi 4.6, ƙwayoyinsa maikuromita 5, da ɗan gajeren bututun kariya a gabansa. Kada ka yi rowar wannan ɗan gajeren, shi ke shan dattin da zai kashe babban. Gudu mililita 1 a minti, allura maikurolita 20. Ruwan da ke tura samfurin haɗin metanol da ruwa ne: ina farawa da metanol kashi 60, in hau zuwa 100 cikin minti 10, in tsaya a nan minti 10 domin sabulun ya fita tas, in dawo 60 in jira wasu minti 10 kafin allura ta gaba. Wannan mafari ne, kowane bututu da halinsa, sai ka gyara.

Littattafai za su ce ka sa zafin bututu a digiri 30. Waɗanda suka rubuta ba su zauna Zinder a watan Mayu ba. Murhun bututu na yawancin na'urori ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa, in ɗakin ya fi 30 to lambar da ka sa ado ce. Ni a 40 nake sawa rani da damina, lokacin fitowa ya zauna wuri ɗaya.

Idon na'urar, wato fitilar UV mai hasken da idon mutum ba ya gani, ina sa tsawon zangon haskensa a nanomita 220. Metanol da kansa yana shan haske daga 205 zuwa ƙasa, in ka matsa can layin zai yi ta hawa. Mai aiki da asetonaitiril a madadin metanol yana iya sauka ƙasa da haka, sai dai ya fi tsada da wuyar samu. In idonka na iya kallon wuri biyu, ƙara 254: ƴan gidan fetur suna nan da ƙarfinsu a can, masu kulorin kuwa suna dusashewa, wannan ya taimake ka ka san wane ne wane. Kana buƙatar hakan, domin bayan benzin ya fita, TCE da toluwin kusa da juna suke zuwa, PCE kuma yana zuwa a unguwar zailin. Tura kowanne shi kaɗai tukuna ka rubuta lokacinsa, sannan ka haɗa su. In tudu biyu sun jingina da juna, rage saurin hawan metanol har layin ya sauko ƙasa a tsakaninsu.

Kunna fitila rabin awa kafin aiki. Ruwan da za ka haɗa ya zama tsarkakakke na ɗakin gwaji, a cire masa iska. Lokacin hunturu rufe bakin kwalabe da kyau, ƙurar buji ba ta da ƙofar da ba ta shiga. Batun wuta kuwa, in ba ka da batirin ajiya da zai riƙe famfon na'ura, kada ka jera samfur talatin ka tafi gida. In ta ɗauke a tsakiyar allura, sabulun yana kwance cikin bututu. Da ta dawo, wanke da metanol zalla minti 30 kafin komai.

Layin ma'auni

Na'ura ba ta san miligiram ba, faɗin tudu kawai ta sani, kai ne za ka koya mata. Zuba metanol a kwalbar awo mai mililita 10 har kusa da wuya, ɗora a sikeli, nutsar da maikurolita 10 na PCE, ka karanta nauyin da ya ƙaru. Zai zo wajen miligiram 16.2, wato 1,620 a lita in ka cika zuwa layi. Yi aiki da abin da sikeli ya nuna. Daga nan ka haɗa matakai shida, misali 1, 5, 10, 50, 100 da 200.

Sharaɗin da ba na sassautawa: ma'aunin ya yi kama da samfurin. In samfurinka bayan ninki yana da metanol kashi 60 da ɗan sabulu, ma'aunin ma ya kasance haka, da sabulun iri ɗaya. Bayan kowane samfur goma, maimaita ma'auni na tsakiya. In ya kauce fiye da kashi 10 cikin ɗari, tsaya ka nemi dalili. Sannan ɗauki samfur ɗaya ka ƙara masa magani gwargwadon da ka sani, ka ga ko zai dawo maka. Tsakanin kashi 80 da 120 ana karɓa. Ƙasa da haka, wani wuri yana yoyo, galibi a hannunka wajen canja kwalba.

Auna sabulun

Nan ido ɗaya ba ya isa. Tween 80 da SDS kusan makafi ne a wurin fitilar UV. Inda na yi horo a waje, bayan UV akwai ido na biyu da ake kira ELSD. Yana fesa ruwan da ya fito da iskar naitirojin, ya busar da shi a bututu mai ɗumi, abin da bai tashi ba ya rage kamar ƙura, ya gitta ta gaban haske a ƙirga shi. PCE da toluwin sun tashi, ba ya ganinsu. Sabulun ne ke saura. Kowane ido da rabonsa. UV ne a gaba, domin ELSD yana cinye samfurin. Layinsa ba miƙaƙƙe ba ne, sai ka ɗauki logaritim na ɓangarorin biyu. Kada gishirin fosfet ya kusance shi, in kana buƙatar gishiri sa amoniyam asitet, shi yana tashi. Babban tudun da zai fito a minti biyun farko gishirin rijiya ne, kada ka ƙirga shi.

Tween 80 ba abu ɗaya ba ne, dangi ne guda. Zai fito tudu-tudu, wasu da wuri, manyan sai metanol ya kai ɗari. Haɗa faɗinsu, ka bi ƙa'ida ɗaya kullum. Ma'auninsa kuma daga cikin durom ɗin da aka yi wankin da shi za ka ɗiba, domin na wannan durom da na wancan ba sa zama daidai.

Ɗakin da nake aiki ba shi da ELSD, kuma na san yawancinmu haka ne. Mafita biyu gare mu. Ta farko, a gwajin tebur ka zaɓi sabulun da UV ke gani. LAS, wanda ke cikin yawancin garin sabulun wanki, yana shan haske wajen nanomita 225, yana fitowa gungu huɗu in ka sa ɗan gishiri a ruwan da ke tura shi. Sai dai ka auna rijiyar tun kafin a fara komai, domin ruwan wankin unguwa da ke bin kwata yana iya riga ka kai LAS can. Triton X-100 ma ana ganinsa a 275, amma ya tsaya a tebur: in ya ruɓe a ƙasa yana barin wani sinadari mai dagula halittar kifi da dabbobi. Mafita ta biyu tsohuwar hanya ce ta shuɗin metilin, na sabulai irin SDS da LAS: su kama shuɗin, a ja su cikin kulorofom, a karanta a 652. Tana da jinkiri, ba ta bambance wannan sabulu da wancan, amma tana ba da jimla.

In ka gama, zana layi biyu a takarda ɗaya, sabulu da magani, bisa yawan ruwan da ya wuce. A wanki mai kyau tare suke tashi. In sabulu ya iso a makare, yashi ko laka na shan sa. In sabulu na nan da ƙarfinsa amma magani ya fara sauka, ko dai wurin ya kusa tsarkaka ko ruwan ya sami gajeriyar hanya yana kewaye dattin. Dakatar da turawa kwana ɗaya ka sake aunawa: in lambar ta yi tsalle, akwai saura. In kuwa ka hangi ɗigon magani tsagwaronsa a gindin kwalba yana sheƙi, to ya ɓalle yana tafiya da kansa, a fili wannan dalilin tsayar da aiki ne nan take.

Sharar na'ura, metanol da magani da kulorofom, a tara ta a kwalbar gilashi mai murfi da suna a jiki. Ba a zuba ta a wurin wanke hannu, domin ramin da take faɗawa da rijiyar unguwa ƙasa ɗaya ce. Metanol kuma yana makantarwa, ya zauna a kulle.

Abu na ƙarshe da ya wajaba ka faɗa wa mai rijiya da bakinka. HPLC da fitilar UV, in an tura ruwa kai tsaye, abin da take gani lafiya bai wuce wajen rabin miligiram a lita ba, ko ƙasa da haka kaɗan. Iyakar benzin 0.01 ce, ta TCE 0.008. Saboda haka wannan na'ura tana iya ce maka ruwa ya gurɓata, tana iya bin sawun wanki tun daga farko har ya yi nisa, amma ba ta da hurumin cewa a sha. Wannan hukuncin na GC ne, da samfurin da sabulu ya riga ya fita daga cikinsa. A rahoto kada ka rubuta "babu". Rubuta "ƙasa da kaza", ka sa lambar.

Da na koma gidan Gwaggo da kwalaben gilashi da ƙanƙara, bayan sallar asuba, toluwin da zailin suka fito ƙarara, da ɗan tudu a daidai lokacin PCE, kwalbar shaida kuma fes. Na kai mata takardar, na karanta mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To yanzu sai yaushe?" Na ce, "Gwaggo, sai mun ga abin da damina za ta yi, domin in ruwan ƙasa ya taso ya taɓa gurɓatacciyar ƙasar, lambar tana iya hawa." Mun rufe bakin rijiyar da faifan kwano da kwaɗo, mai garajin ya yarda ya riƙa tara ruwan wankinsa a durom, ita kuma tana sayen jarka huɗu kullum wurin ƴan ga-ruwa. Ina zuwa ɗiba sau biyu a shekara, ƙarshen Mayu da ƙarshen Satumba, makullin kwaɗon yana wurinta.